Iska a Hawa na Takwas

Guangzhou, 6 ga Afrilu

Zuwa ga Kawu Tankari,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kana lafiya, kai da iyali da mutanen Maradi baki ɗaya. Mu nan lafiya lau, sai godiya. Maigidana Abdulgani yana gaishe ka.

Na san za ka juya takardar nan kana tunanin wace ce. Ni ce Saffana, 'yar Hindu ta Kano, jikar Inna Saude yayar mahaifinka. Sau ɗaya muka taɓa haɗuwa, lokacin da ka zo ta'aziyyar Inna ina 'yar shekara goma sha ɗaya. Abin da na riƙe game da kai shi ne ka shiga ɗakin da muke kwana, ka dafa bango da tafin hannu, ka ce wa mahaifiyata maginin ɗakin nan bai yi niyyar kwana a cikinsa ba. Mutane suka yi ta dariya ana tsakiyar makoki. Alhaji Maidaji, da yake zuwa sayen kaya wajenmu a ginin Tianxiu, shi ya ce mini kana nan da ranka, kunne ne kawai ya yi nauyi, ba ka jin waya, amma takarda kam kana karantawa har ka gyara wa marubuci. Shi ya sa na rubuto, shi kuma zai kawo maka.

Shekarata tara a garin nan na ƙasar Sin. Muna zaune a wani tsohon bene mai hawa takwas a unguwar Xiaobei, sai da ƙafa ake hawa, mu muna na bakwai. A samanmu akwai wata tsohuwa 'yar ƙasar da muke ce wa Ayi Luo. Ayi kamar a ce inna ne. Kawu, matar nan uwa ce a wurina. Lokacin da na haifi 'yata Najiba ba ni da kowa a nan, ita ta yi wata guda cur tana sauko mini da romon kaza da citta, har ta koyi zuwa wajen mahautan Musulmi don kar in ƙi ci.

Yanzu gwiwoyinta sun gaza. Ɗanta Ming ya ɗauke ta zuwa gidansa a Tianhe, ya ce sayar da nata zai yi. Ita kuwa shekara arba'in ta yi a ciki, a nan mijinta ya rasu. Ta yi ta kuka har ya sassauta, ya ce idan an samu ɗan haya kafin ƙarshen watan Agusta zai bar mata gidan. Ta damƙa mini mabuɗi, ta riƙe hannuna ta ƙi saki.

Ga inda matsalar take. Kamfanin dillalan da ke ba da haya sai ya turo an duba gida, an ba shi shaida: kore, ko rawaya, ko ja, gwargwadon wutar lantarkin da zai ci kafin mutum ya iya zama a ciki. Na Ayi ja aka ba shi. Kuma ba su yi ƙarya ba, gidan tanda ne. Shi ne na ƙarshe, rana a kansa take yini. Tsohon injin sanyin da ke ciki sai ƙugi da shan wuta. Mutum biyu sun zo gani, ɗaya ko zama bai yi ba. Na tambayi dillalin ko akwai wata dabara, ya kaɗa kai ya ce meyo, wato babu.

Kai magini ne, shekara da shekaru. Na zana maka ɗakunan a bayan takarda, na nuna gabas da yamma. Don Allah ka duba, ko da abu ɗaya ne ka faɗa mini.

'Yarka,
Saffana

Maradi, 19 ga Afrilu

Ɗiyata Saffana,

Wa alaikumus salam. Takardarki ta iso, na karanta ta sau uku. Muna lafiya, sai zafin bazara, sai kuma kuran, wutar lantarki, da ake ɗaukewa kullum. Ɗiyata Balkissa, da nake zaune a wurinta, tana gaishe ki. Allah ya jiƙan Inna Saude. Na tuna ɗakin nan sarai, rufin tol ne, wato kwano, taga ɗaya kamar ramin ɓera. Ke ce dai ban tuna ba, yara sun yi yawa ranar.

Na yi mamakin abu biyu. Na farko, a ce akwai gari da mutane ke kwana a kan juna har hawa takwas, kuma jinina yana can a na bakwai. Na biyu, a ce daga can ɗin aka tuna da ni. Shekara shida ke nan ba wanda ya tambaye ni komai game da gini. Yaran yanzu bulo suke jerawa, su kifa tol, su ce mai gida ya sayi injin sanyi.

Kar ki sayi komai tukuna. Ki fara da wannan. Ki shiga gidan sau uku a yini ɗaya, da hantsi, da azahar, da la'asar, ki dafa kowane bango, ki hau kujera ki dafa sama. Ki rubuta wanda ya fi zafi da lokacinsa. Sannan ki buɗe tagogi duka, ki kunna turaren wuta a tsakiyar falo, ki zauna ki kalli hayaƙin. In ya miƙe tsaye ya taru a sama, gidan ba ya numfashi. In ya karkata, ki bi shi ki ga inda ya nufa.

Kin ce gidan ya shekara arba'in. To, an gina shi ne lokacin da talaka bai da injin sanyi, a can ma na tabbata haka ne. Wanda ya gina shi ya san ƙasarsu da zafi, dole ya bar wa iska hanya. Ban san shi ba, amma na san sana'ar. Ki ƙwanƙwasa saman kowace ƙofa da bayan cokali. Inda kika ji amo kamar na ƙwarya, akwai abin da aka rufe a wurin.

Batun sama kuwa, na zana miki a baya yadda nake yi in mai gida ya dage sai rufin siminti. Ana jera tubali a kan rufin, a ɗora wasu faifan siminti a kai, a bar tazarar ɗani guda a tsakani. Rana ta doki na sama, iska ta ratsa ta kwashe zafin, na ƙasa ya huta. Ban sani ba ko za a yarda a yi haka a can.

Ki gaishe da tsohuwar. Wadda ta ciyar da ɗiyarmu a jego, tamu ce.

Kawunki,
Tankari

Guangzhou, 3 ga Mayu

Kawu,

Gaisuwa da fatan alheri. A tsaye nake rubutu, Alhaji Maidaji yana jirana a ƙasa zai wuce filin jirgi. Na yi abin da ka ce. Kawu, rufin nan wuta ne! Na gani da idona yau da azahar, ja zur tun daga falo har ɗakin kwana, bangon yamma ma ya kama. Ban taɓa ganin abu irin wannan ba. Ban faɗa wa Ayi ba tukuna, ban san ta inda zan fara ba. Sauran bayani sai na zauna.

Saffana

Maradi, 11 ga Mayu

Saffana,

Innalillahi wa inna ilaihi raji'un. Ban san ko in tambayi lafiya ba. Ke da kika iya riƙe alƙalami na ɗauka kin tsira, amma ba ki ambaci Najiba ba, ba ki ambaci maigidanki ba, kuma ku ne a ƙarƙashin wutar.

Maidaji ya ba wani direba takardar daga Kano, shi bai iso ba, ban samu wanda zan tambaya ba. Balkissa ta buga lambar da ya taɓa ba ta ya fi sau ashirin, ba ta shiga. Kwana uku ke nan abinci ya ƙi wuce mini.

Ni na ce ki kunna turaren wuta. Ni, da ban taɓa ganin gidan ba, ban san da me aka yi rufinsa ba, na zauna a kan tabarma a Maradi ina ba da umarni don an ce da ni gwani, daɗin abin ya ɗebe ni. Shekara arba'in da biyar ina gini, ɗakina ko ɗaya bai taɓa faɗa wa mutum ba. Yanzu da na tsufa na ƙone gidan tsohuwar da ba ta san ni ba.

Ki faɗa mata gaskiya, ki ce laifin na wani tsoho ne a Nijar, ba naki ba. In hukuma ta tambaya, ga takardata nan shaida, ki nuna musu. Hajiya Ramatou mai sayen atamfa za ta tashi jibi, ita za ta kawo wannan. Don girman Allah, da ta iso ki sa ta kira Balkissa.

Tankari

Guangzhou, 27 ga Mayu

Kawu Tankari,

Assalamu alaikum. Ina fatan ka koma cin abinci. Mu duka lafiyarmu ƙalau, ko ashana ba ta ƙone ba. Na san Balkissa ta riga ta faɗa maka, tunda a gabana Hajiya Ramatou ta kira ta, amma sai na nemi gafararka da hannuna. Da na karanta takardarka na zauna a matakala na yi kuka. Na maimaita wa Abdulgani abin da na rubuta maka, ya ce shi ma da haka zai fahimta. Ka yafe mini. Lambar da ke wurinku tsohuwa ce, na ba Hajiya sabuwa.

Ga abin da na gani. Kamfanin ya turo wata injiniya, sunanta Chen, ba za ta wuce shekara talatin ba. Ta zo da wata na'ura kamar wayar hannu mai kauri. Kawu, na'urar nan zafi take gani. Duk abin da ta nuna, sai ya fito a gilashinta da launi, mai zafi ja, mai sanyi shuɗi. Da ido rufin falon fari ne tas. Da ta ɗaga na'urar sai ga shi ja kamar garwashi, gefensa ruwan lemo, yana malalowa bangon yamma. Ita ce wutar da na ce maka. Kuma daidai wuraren da hannuna ya nuna mini, daidai lokutan da na rubuta.

Da ta ga na buɗe baki, sai ta ce in cire takalmi in taka zuwa ƙofa in dawo. Ta juya mini gilashin. Sawuna ne a ƙasa, ɗaya bayan ɗaya, suna haske, har yatsu biyar ana ƙirgawa, a kan daɓen da babu komai a kansa. Ina kallo suka dusashe a hankali. Na ce Subhanallah. Ashe duk inda mutum ya taka yana barin wani abu nasa, bai sani ba. Na yi kwanaki ina tunanin abubuwa nawa ne Allah ya kewaye mu da su, bai ba mu idon ganinsu ba ne kawai.

Turaren kuwa ya yi aikinsa. Hayaƙin ya miƙe tsaye ya taru a sama, ya ƙi zuwa ko'ina. Na ɗauko cokali. Saman ƙofar ɗakin kwana na fara bugawa, sai na ji ƙwal, ƙwal. Ta biyu haka, ta kicin haka, ta shigowa haka. Abdulgani ya kawo guduma ya ɓamɓare katakon da aka lulluɓe da fenti. Kawu, taga ce! Ƙaramar taga mai gilashi, da 'yar sarƙar da ake ja ta buɗe, fentinta kore ne na da. Guda huɗu, da ta biyar can sama a bangon kicin, mai kallon arewa. Muka buɗe su duka. Na sake kunna turaren, muka zuba masa ido mu biyu. Hayaƙin ya tashi, ya ɗan tsaya, sai ya lanƙwasa kamar an kira shi, ya bi ta saman ƙofa ya fita. Na ji iska a bayan wuyana. Abdulgani ya ce, "Tsohon nan daga Maradi ya hango wannan?"

Na kira Ayi ta waya mai hoto na nuna mata. Ta bi tagogin da kallo ɗaya bayan ɗaya. Sannan ta ce mijinta ne ya rufe su, shekarar da Ming zai yi jarrabawar shiga jami'a, da suka sayo injin sanyi, don kar sanyin ya tsere. Ta ce wallahi ta manta akwai su.

Na nuna wa Injiniya Chen zanenka na rufi biyu. Ta kalla, ta fashe da dariya, ta faɗi wata magana da sauri wadda ban kama ba. Ta ce dai sai mun samu mabuɗin saman bene daga shugabar mazauna gidan, ita kuma ta yi tafiya. Zafi ya ragu amma rufin yana nan yadda yake, shaidar ma har yanzu ja ce.

'Yarka,
Saffana

Maradi, 14 ga Yuni

Ɗiyata,

Wa alaikumus salam. Barkanmu da Sallah. Muna lafiya, ruwan farko ya sauka. Babu abin yafewa, na gode wa Allah da ya tsare ku.

Labarin sawunki ya tsaya mini a rai. Na sa Balkissa ta taka daɓen ɗakina ba takalmi, na duƙa na shafa wurin. Ban ji komai ba. Ni da nake taƙama da tafin hannuna. Ikon Allah ya fi gaban a faɗa. Tagogin kuma na ji daɗi da aka same su. Wanda ya sa ta biyar a arewa ya san abin da yake yi.

Batun zane, ki yage shi. Ban ji haushin yarinyar ba, na saba. A nan ma da na kai irinsa wajen masu ginin sabuwar makaranta dariya suka yi, su da suka san ubana. Mai na'urar da ke ganin zafi ba ta bukatar tsohon da ko lakkwal, makarantar boko, bai gama ba. Na yi kuskure da na sa kika nuna, na jawo miki kunya a gaban baƙi. Daga yau ki bi abin da ta ce, lokaci yana ƙurewa, gidan tsohuwa ya fi zanena.

Abu ɗaya kawai, in kin ga dama. Tagar yamma, in za ki sa mata labule, a waje za ki rataya, ba a ciki ba. Asabari ya isa. Zafin da ya riga ya ratsa gilashi ya shigo ke nan.

Ba sai kin wahalar da kanki da amsa ba.

Tankari

Guangzhou, 24 ga Agusta

Kawuna,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Ina fatan kuna lafiya, damina tana albarka. Mu lafiya lau. Na san shirun ya yi tsawo, kuma na san abin da za ka ɗauka. Takardarka sai ƙarshen Yuli ta same ni, don Alhaji Maidaji ya ɗaga tafiyarsa saboda jinyar matarsa. Na so in sa Balkissa ta faɗa maka ta waya, sai na ga wannan magana ba ta saƙo ba ce, gara ka karanta da idonka.

Ban yage zanen ba. Ba ya ma hannuna, yana manne a bangon ofishin Injiniya Chen.

Ranar da muka samu mabuɗi, ita ta shige gaba. Muka fito saman bene, ta miƙo mini takardarka, ta nuna ƙasa da yatsa. Kawu, zanenka ne shimfiɗe a gabana. Tubali a jere, faifan siminti a kai, tazarar ɗani guda. Na durƙusa na auna da hannuna. Tun ranar da aka gina benen yana nan. Abin da ya ba ta dariya ke nan. Ta ce shekara huɗu ta yi a jami'a kafin a koya mata wannan, ga wani a ƙasar da ba ta san inda take a taswira ba ya zana shi a bayan wasiƙa, har tazarar bai kuskure ba. Ta tambaye ni ko ka taɓa zuwa Sin. Na ce ko jirgi ba ka taɓa hawa ba. Ta riƙe baki. Ta ce in gaishe da shifu, haka suke kiran babban gwani a sana'a.

Sai dai rufin ya lalace. Rabin faifan sun farfashe, ƙarƙashinsu ya cushe da ƙasa da saiwoyi da fasassun tukwanen fure na shekaru, iska ba ta da ta inda za ta bi. Da maƙwabta suka ji cewa gyaran zai sauƙaƙa wa kowa, sai suka fito. Asabar uku muna kwasar ƙasa a buhu muna saukarwa hawa takwas, mu da Sinawa da wasu 'yan Mali biyu na hawa na huɗu. Ming ya turo ma'aikata suka sa sababbin faifai, aka shafe su da farin fenti. Na rataya asabarin gora a wajen tagar yamma, yadda ka ce. Aka toshe kafofin tagogi da roba, aka canza ƙwayayen fitila, aka cire tsohon injin aka sa ƙarami mai koriyar takarda. Ana gamawa aka yi wata guguwa mai ruwa ta kwana biyu, na ce shi ke nan ta kwashe komai. Da ta lafa na hau da gudu. Asabari ɗaya ne kawai ya tsinke.

Ranar Laraba da ƙarfe biyu na rana aka zo dubawar ƙarshe. Muna tsaye sai muka ji nishi a matakala. Ming ne, da rigar ofis sharkaf da gumi, ya goyo mahaifiyarsa a baya tun daga ƙasa. Ta ce masa ba za a yanke wa gidanta hukunci ba ta nan. Ya sauke ta a kujera a tsakiyar falo.

Injiniya ta ɗaga na'urar. Na kasa kallo, sai da Abdulgani ya taɓa ni. Rufin da na bari ja kamar garwashi ya koma kore, gefen arewa har da shuɗi. Ga rana tsaka a waje, ga injin ba a ma kunna ba. Ta rubuta a takarda, ta juyo mana da ita. Kore.

Ayi ba ta kalli takardar ba. Idonta a rufe yake, iska tana motsa farin gashinta. Ta ce wa ɗanta, "Haka gidan yake lokacin da na kawo ka daga asibiti." Ming ya tsaya yana kallon 'yar tagar saman ƙofa, ya kai hannu ya ja sarƙar, ya rufe, ya buɗe. Sannan ya fita matakala ya daɗe bai dawo ba.

Jiya wata ma'aikaciyar jinya da mijinta suka sa hannu, shekara biyu, suna da jaririya. Ming ya ce ko sun tashi, maganar sayarwa ta mutu. Ayi ta ba ni ganyen shayi in aiko maka, da hoton rufin kafin gyara da bayansa. Ta ce in faɗa maka shishe, wato ta gode, ta ce in faɗa sau uku.

'Yarka har kullum,
Saffana

Maradi, 12 ga Satumba

Ɗiyata Saffana,

Wa alaikumus salam wa rahmatullah. Muna lafiya, gero ya fitar da kai. Shayi ya iso, yana da ɗaci, ina sha kullum.

Na yi wa yarinyar nan injiniya mummunan zato, ki roƙa mini gafararta. Kusan wata uku ina jin haushin mutumin da ke girmama ni. Kunne ya riga ya tafi, ashe karatun ma sai an bi ni a hankali.

Hotunan suna aljihuna. Ba launin ne ya fi kama ni ba, ko da yake shi ma abin mamaki ne. Jeren tubalin ne. Na kawo gilashin karatu na duba yadda maginin ya karkatar da layin don ya fuskanci inda iska ke fitowa. Ni ban taɓa yin haka ba, a miƙe nake jerawa. Ya fi ni. Wani mutum ne can, ba addininmu ɗaya ba, ba harshenmu ɗaya ba, wataƙila ya mutu tuni, ya tsaya a rana yana tunanin barcin mutanen da bai sani ba. Shekara arba'in da biyar ina zaton ni kaɗai ne mahaukacin.

Yanzu ga magana, kar ki yi dariya, ko ki yi, yanzu na san dariyarku. Na ce wa Maidaji ya fara nema mini takardun tafiya. Balkissa ta yi faɗa har ta gaji. Ina so in tsaya a kan rufin nan, in sa hannuna a ƙarƙashin faifan in ji iskar da kaina, tun ina da ƙafa.

Akwai bene mai hawa biyu kusa da kasuwa, mai shi ya ba ni izini. Kullum bayan sallar asuba ina zuwa in hau in sauko. Da na fara, sau ɗaya nake yi in zauna ina haki. Yau na yi sau uku, hawa shida ke nan. Ki faɗa wa Ming ya huta, ni ba sai an goya ni ba. Saura biyu.

Kawunki,
Tankari